Muryar Baba a Kan Zare

Litinin, 5 ga Yuni, 1978, bayan La'asar

Alhamdu lillahi, an sallamo Inna. Yaya Haruna ya ɗauko ta a tasi, ni da matarsa Jummai muka tallabo ta har ɗakinta na soro. Ta yi nauyi ta gefe guda, amma ba komai, tunda gida ta dawo. Da muka kwantar da ita sai ta bi ɗakin da kallo, jeren kwanoninta, dardumar sallarta, ko an taɓa mata wani abu. Ba a taɓa ba, wa ya isa.

Likita ya yi wa Yaya dogon bayani kafin mu taho. Na ji abin da ya ce, ba kuwa zan rubuta ba. Ni dai na san uwata tana gida, na kuma ci tuwo yau har da ƙari, karo na farko tun ranar Talatar nan da ta yanke jiki ta faɗi.

Talata, 6 ga Yuni, da safe

Ta sha kunu. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 8 ga Yuni, bayan Azahar

Daga makaranta kai tsaye gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi nake zarcewa yanzu, sai yamma in koma gidana a Tarauni. Maigidana bai yi ƙorafi ba, Allah ya saka masa. 'Yan ajina kuwa sun gane Malama Saratu ba ta cikin hayyacinta, yau na ba su lissafin da na ba su jiya, suka yi tsit suka sake yi, 'yan banza.

Masu dubiya kamar ranar suna. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Sannu Inna, ya jiki?" sannan ya jira amsar da ba ta zuwa. Jiran nan ne ba na so. Ni nake saurin cewa da sauƙi, don kada jiran ya yi tsawo.

Asabar, 10 ga Yuni, da hantsi

Na rasa abin yi da hannuna, sai na shiga gyaran ɗakin Baba, Allah ya ji ƙansa. A ƙarƙashin gado na jawo tsohuwar rikodarsa, wadda ya saya hannun wani Bature lokacin yana tuƙi a ma'aikata. Ƙatuwa ce kamar akwatin lefe, da faya-fayai biyu a kai, zare yana warwarewa daga wannan yana naɗewa a wancan. Faifai ɗaya tak muke da shi mai amfani, wanda Baba ya yi mana bankwana a ciki ana gobe zai tafi aikin Hajji, shekara tara ke nan. A Madina aka rufe shi. Ba mu da kabarin da za mu je, ba mu da hoton kirki, zaren nan ne kawai.

Na ja ƙofa na kunna a hankali. Ya yi sallama. Ya yi wa Yaya nasiha ba tare da ya ambaci sunansa ba, "kai babba" kawai, kunyar ɗan fari. Ni kuwa ya kira ni gatsau, ya ce Saratu, ki rage faɗa. Ban rage ba. Can ƙarshe ya ce, "Ke kuma mutuniyar Dawaki, ki yafe ni." Inna ke nan. Sai shiru ya biyo baya, dogo, ana jin kaji suna ta harkarsu a tsakar gida. Sannan ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Kun gani? Kunya ta hana ta." Ina wurin ranar, na tuna yadda ta ja mayafi ta shige madafa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne muryar tana ja, tana langwaɓewa, kamar mai magana cikin barci. Da ba haka take ba. Da na kashe na ga wani jan gari a ƙarƙashin zaren.

Na gaya wa Yaya. Ya ce ai ga sabuwar rikodar da ya taho da ita daga Makka bara, mai cin kaset, sai a juye. Sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ga abu ɗaya dai da za a iya gyarawa a gidan nan.

Litinin, 12 ga Yuni, bayan La'asar

Mun kai ta wurin Mista Obiechina mai gyaran rediyo, nan bakin titi. Haihuwar Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan ajina. Ya buɗe bayanta ya yi tsaki.

"Malama, robar da ke juya ta ta mutu. Irinta kuma babu a kasuwa, ko Legas."

Na ce, "To ya za a yi ke nan?"

Ya ce zai yanko daga tayar keke ta ciki ya ɗaura, za ta yi aiki na ɗan lokaci. Ya taɓa jan garin nan da yatsa ya nuna mini. Wai a jikin garin muryar take, duk juyi ɗaya sai wani ya zube. "Kada ku riƙa kunnawa don marmari. Ku juye, ku rufe."

Na tambaye shi wayar da za a haɗa ta da sabuwar ta Makka, don da ita ma muka zo. Ya gwada duk wayoyin shagonsa, bakin ɗaya ba ya shiga na ɗaya. Ya ce dabara ɗaya ce, a ajiye 'yar Makka a gaban tsohuwa, wannan tana faɗa, wannan tana ɗauka. "Amma fa duk abin da ya yi motsi a ɗakin sai ya shiga. Ko tari. Ku sami wuri shiru."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya dube ni ya yi murmushi.

Laraba, 14 ga Yuni, da yamma

Ta sha kunu, ta ci ɗan dambu. Ta matse mini hannu da na hagu. Alhamdu lillahi.

Asabar, 17 ga Yuni, bayan Azahar

An karɓo tsohuwar rikodar, muryar ta miƙe tsaf. Na ji daɗi har na kusa rawa.

Na tara Yaya da Jummai a ɗakin Baba na yi musu darasi kamar 'yan aji ɗaya. Ba tari, ba atishawa, ba motsi. Jummai ta ce, "Numfashi fa, Malama, an yarda?" Na harare ta. Na danna jan maɓallin 'yar Makka, Yaya ya murɗa na tsohuwa.

Baba ya ce, "Salamu alaikum."

Mu uku, baki ɗaya, da ƙarfi: "Wa alaikumus salam!"

Har da ni. Wallahi muryata ta fi ta kowa fitowa. Jummai ta kife a kan tabarma tana dariya har da hawaye, Yaya ya toshe baki da hula. Na so in yi fushi, abin ya ƙi. Rabon da a yi dariya a gidan nan tun kafin ranar Talatar nan. Sai da muka natsu na tuna juyi ɗaya ya tafi a banza, ga garin nan ja a kan tebur.

Yaya ya ce, "To ai ba laifinmu ba ne. Ubanka ya yi maka sallama ka yi shiru?"

Lahadi, 18 ga Yuni, da hantsi

Mun sake. Wannan karon kowa ya ciji leɓe, muka amsa a zuci. Baba ya wuce nasihar Yaya, ya shigo tawa, komai na tafiya daidai, sai ga sallama daga zaure. Liman ne da mutanensa, sun zo dubiya. Ya yi ta farko, na ɗaga wa Yaya yatsa. Ya yi ta biyu, Yaya ya fara zufa. A ta uku ya kasa, ya ɗaga murya ya amsa, har da "Bismillah, ku shigo, Malam!"

Da suka tafi na sauke masa kwandon faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Saratu, liman a ƙofar gidan ubana, ya zo gaida uwata, in bar shi tsaye saboda rediyo? Gobe da wane ido zan shiga masallaci?" Gaskiyarsa, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi.

Talata, 20 ga Yuni, da safe

Ta sha kunu. Na yi mata hira mai tsawo, na ba ta labarin liman. Ta dube ni.

Alhamis, 22 ga Yuni, bayan La'asar

Na ce tunda gidanmu ya zama tasha, a kai rikodun Tarauni, can ba mai zuwa dubiya. Yaya ya ɗaure tsohuwa a bayan Vespa da igiyar guga, ni na rungumo 'yar Makka a motar kiya-kiya kamar mai jego. Na bi maƙwabta gida gida na roƙe su su ɗaga daka zuwa anjima. Na kulle zakaranmu a akurki na rufa masa buhu. Na tura yara gidan kakarsu.

Muna shirin dannawa aka ɗauke wuta. Muka zauna muna kallon juna. Da aka kawo, muka danna, Baba ya yi sallama, sai hadarin da ke ta kai-kawo tun rana ya ga dama. Rufin kwano ne da mu. Da na mayar da kaset ɗin na saurara, ba ka jin komai sai ruwa, can ƙasa-ƙasa Baba yana motsi kamar mai magana daga cikin rijiya.

Yaya ya ce ruwa rahama ne. Na ce na sani.

Juma'a, 23 ga Yuni, da safe

Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi ba ranar da aka dawo da ita. Yau ina wanke-wanke na yi, saboda ruwan sama. Abin kunya.

Litinin, 26 ga Yuni, bayan La'asar

Mista Obiechina ya ɗaga zaren a hasken ƙofa ya nuna mini wurare da har ana hango rana ta cikinsu. Ya ajiye shi a hankali.

"Malama, sau nawa kuka kunna?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai yi mini ƙarya ba, in an yi sa'a zai ɗauki juyi ɗaya, daga nan sai abin da Allah ya yi. Ya sake ɗaure robar. Ya kuma ɗauko wani kaset ya nuna mini 'yan kunnuwa biyu a bayansa. Wai ranar da na samu wanda ya fita yadda nake so, in sa tsinke in ɓalle su, daga nan ba mai iya ɗaukar wani abu a kai ko da kuskure.

Da zan fita ya ce, "Ya jikin Mama?" Na ce da sauƙi. Ya ce nasa uban ko zare bai bar masa ba, in lallaɓa wannan. Na ce to.

A hanya na yi wani tunani da ban so ba. Baba yana kan zare, ko ya lalace an dai taɓa ɗauka. Ita fa? Duk faɗan da ta yi mana, duk kiran da take ƙwala mini daga madafa, ba wanda ya taɓa tunanin danna maɓalli. Bari in tsaya nan.

Laraba, 28 ga Yuni, bayan Azahar

Jummai ce ta faɗa, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ni fa na ga kuna ta wahala. Ɗakin Inna ai soro ne, ko ruwa ake ba a ji. Ga bango mai kauri. Kuma nan ne kaɗai..."

Ba ta ƙarasa ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Na san abin da ta so cewa, na kuma ji kamar in kwaɗa mata rariyar. Sai dai gaskiya ta faɗa, duk gidan babu inda ya kai ɗakin shiru yanzu.

Matsalar ita ce Inna ba ta taɓa zama an kunna zaren nan ba. Tun da labari ya zo daga Madina, da ta ga an jawo rikodar sai ta tuna tana da aiki a bayan gida. Yanzu kuwa ba ta da ikon tashi ta ba mu wuri. Na ce wa Yaya wannan ai kamar cin zali ne. Ya ce to a tambaye ta mana, ai tana ji.

Alhamis, 29 ga Yuni, da yamma

Na durƙusa a gabanta na yi mata bayani tiryan-tiryan, zaren, garin, juyi ɗayan da ya rage. Na ce, "Inna, in ba ki so, ki kau da kai, wallahi ba za a shigo da ita ba." Ta daɗe tana kallon azara. Ba ta kau da kai ba. Da hannun hagu ta jawo mayafinta ta gyara shi a ka, kamar yadda take yi in za a yi baƙo.

Ta sha kunu sosai yau.

Asabar, 1 ga Yuli, bayan Azahar

Bari in rubuta shi a jere, kada in manta ko ɗaya.

Mun zaɓi hantsi, bayan masu tallan safe sun wuce. Maigida ya zo musamman ya zauna a zaure, aikinsa kawai ya tare sallama tun daga waje. Sama garau. Wuta tana nan. Muka jingina Inna da matasai, muka ajiye rikodun biyu a kan tabarma, baki da baki. Ni da Yaya da Jummai muka zauna. Ban yi wa kowa darasi ba, ba wanda yake bukata.

Na danna. Baba ya yi sallama, ba wanda ya yi motsi. Na saci kallon Inna, idonta a rufe. Ya yi wa "kai babba" nasiha. Ya ce in rage faɗa. Muryar ta yi siriri amma kowace kalma tana fita, ni kuwa ina kallon zaren yana wucewa ina ta salati a zuci. Ya yi addu'a. Sai ya ce, "Ke kuma mutuniyar Dawaki, ki yafe ni."

Shirun nan ya fara, da kajinsa na shekara tara.

"Na yafe, Malam."

Da nauyi ta fito, harshen yana ja, amma ba wanda zai ce bai ji ba. Daga kan gado ta fito. Na ɗauka kunnena ne, sai na ga Yaya ya dafe ƙirji, Jummai ta cusa bakin zane a baki. Inna idonta a buɗe, tana kallon tsohuwar rikodar nan.

Sai Baba ya yi dariyarsa ya ce, "Kun gani? Kunya ta hana ta."

Wallahi gefen bakin Inna ya motsa, wanda yake motsin. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban san lokacin da zaren ya tsinke ba. Na dai ji faifan yana ta fat-fat-fat shi kaɗai, guntun zaren yana dukan murfi. Yaya ne ya tuna ya kashe. Abin da ya rage a ciki sallamar rufewa ce kawai, ita ba mu samu ba. Sauran zaren ya cukurkuɗe a ciki, da na taɓa sai ya marmashe a hannuna.

Ba wanda ya yi maganar zare. Muna can bakin gado mu uku, Yaya ƙato da shi yana ta "Inna, Inna," kamar yaron goye, ita kuma ta ƙi buɗe fuska.

Lahadi, 2 ga Yuli, da safe

Ba ta ƙara cewa komai ba jiya, na kuma hana kowa matsa mata. Yau Jummai ta kawo kunu, ta kurɓa sau ɗaya ta yamutsa fuska ta ce, "Tsamiya." Jummai ta ce, "Inna, sati huɗu kina shan kunun nan, ashe duk bai yi miki ba?" Ta fita da gudu ɗauko tsamiya, tana dariya tana share ido.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Lahadi, bayan La'asar

Na dawo Tarauni da 'yar Makka, na rufe ɗaki na saurara ni kaɗai. Duk dokar da na kafa an karya ta. Ana jin gadon Inna yana ƙara, ana jin shessheƙar Jummai, daga ƙarshe kuma ga Yaya yana kiran uwarsa, don ban tuna na kashe jan maɓallin ba. Da makon jiya ne da na ce a sake.

A tsakiya kuwa ga su nan su biyu, ya roƙa, ta amsa, ya yi dariya. Wanda bai sani ba zai rantse a ɗaki ɗaya suke zaune.

Na ciro kaset ɗin, na zare tsinken ɗankunnena, na ɓalle kunnuwan nan biyu.